Hular Kawu da Ƙwaryar Nono

Na Allah ne mu, wurinsa muka nufa, Kawu kuma ya riga mu isa. Duk wanda ya tako ƙofar gidanmu na unguwar Limawa ya faɗi makamanciyar wannan kalma, amma kaɗan ne suka tsaya a kanta. Da an shafa addu'a, an ce Allah ya ba da haƙuri, sai a gyara zama, a matso kusa da na gefe, a rage murya. Ni ina cikin mata ina rarraba ruwa, kunnena kuwa bai huta ba.

"An ce a gindin mangwaron nan ne fa."

"Wane mangwaro?"

"Wanda suka yi rigima a kansa da ƙanensa mana. An ce har rantsuwa ya yi da aradu."

"Kai! Shi ya sa. Ai ba ta faɗa wa mutum haka kawai."

"Ni dai ban ce komai ba. Allah ya rufa mana asiri."

Wadda ta ce ba ta ce komai ba, shinkafar sadakarsa ce a bakinta, mai yana bin gwiwar hannunta. Na dube ta, na kau da kai. Wata kuma da ta shigo da kuka har tana faɗuwa, ko tabarma ba ta ɗumama ba ta fara tambaya ko gaskiya ne jikinsa ya yi baƙi ƙirin. Bai yi ba. Amma na lura amsar ba ta yi mata daɗi ba.

Kawu yayan Inna mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Malamin kimiyya ne a makarantar sakandare har ya yi ritaya. Matarsa ta rasu da daɗewa, Allah bai bar masa ɗa ba, shi ya sa ya karɓe ni tun ina ƙarama ya riƙe ni har ya aurar da ni. Aradu ce ta yi ajalinsa a gonarsu ta gado da ke bakin kogin Chanchaga. Ina rubuta wannan ne saboda na ga ana neman a binne shi karo na biyu, a ƙarƙashin sunan mai rantsuwar ƙarya. Mutanen gari ba su dame ni sosai ba, gobe za su sami wani su ci namansa. Inna ce ta dame ni. Tun da aka yi rasuwar har ranar addu'ar uku ba ta taɓa cewa "Allah ya jiƙan Yaya" ta yi shiru ba, sai ta ƙara da cewa, "In da abin da ya yi, Allah ya yafe masa." Idan ƙanwarsa ta yarda da maganar, to magana ta zauna, jikokinmu ma haka za su ji ta.

Abin takaicin shi ne, a duk Minna ban san mutumin da ya ɓata yawunsa a kan aradu kamar Kawu ba.

Ɗakin girki ne ajinsa na gida. Zai sayo ƙanƙara a wurin masu firji, ya jefa a tukunya, ya kira duk wanda tsautsayi ya sa yake kusa. "Wannan daskararre ne, hali na farko," in ji shi. Ta narke, ya ce, "Ruwa, hali na biyu." Ya tafasa, tururi ya tashi, ya ce, "Iska, hali na uku. A nan littafin 'yan firamare ya gaji ya kwanta. To in aka ci gaba da ba wa iskar nan zafi fa, zafin da murhunku bai taɓa mafarkinsa ba?" Sai ya ɗaga yatsu huɗu, ya karkata hula. Ya ce ƙwayoyin iskar, waɗanda ido ba ya gani, za su yi ta karo da juna har su zubar da 'yan ƙananan abubuwan da ke ɗauke da lantarki a jikinsu. Daga nan iska ta daina zama iskar da muka sani, ta koma wani abu mai haske wanda lantarki ke bi ta cikinsa kamar yadda yake bin waya. Wannan shi ne hali na huɗu, sunansa filasma.

Da zarar ya faɗi sunan sai wani ya ce, "Talabijin ta kallon ƙwallo?" Kawu ya dafe kai. "Ita ma don akwai shi a cikin gilashinta aka sa mata sunan. Ku kun riƙe akwati kun saki abin da ke ciki."

Ya ce rana filasma ce, taurari ma haka. Ya ce hasken da ke cikin dogon ƙwan fitilar nan fari shi ne. In muka wuce rumfar mai walda a bakin titi sai ya tsaya, ya kare idonsa da hula, ya ce, "Ga ƙaramar walƙiya can ana sayar da ita." Masu walda sun san shi, har kujera suke ba shi. Walƙiya kuwa ita ce abar sonsa. Da hadari ya haɗu zai kore mu duka cikin ɗaki, shi kuma ya ja kujera bakin taga, fuskarsa kamar ta mai jiran baƙo. Yakan ce, "Iska ce lantarkin gajimare ya fasa ta, ya yi hanya zuwa ƙasa. Ba gatari ba ce, ba alƙali ba ce. Abin da ya fi tsawo a fili take nema, ko itace ne, ko liman ne, ko ɓarawo."

Ba zan ce mutum ne mai sauƙin zama ba. Ba ya iya jin kuskure ya wuce. A wurin ɗaurin aure ya taɓa tsayar da wani dattijo a tsakiyar labari don ya gyara masa cewa tsawa ba ƙarar faɗuwar dutse ba ce, iska ce da zafi ya buɗa ta farat ɗaya. Shayinsa kullum sai ya huce, saboda bayani. Kuma ya iya raina wa mutum hankali da dariya, irin dariyar da ba a mantawa. Wannan dariyar ce ta jawo masa abin da ake jifansa da shi yau.

Amma kafin rigimar, bari in faɗi abin da masu gulma suka zaɓi su manta.

Akwai wata mata da gonar gidansu ke maƙwabtaka da ta su Kawu. Kirista ce, 'yar tsofaffin manoman wajen, muna ce mata Mama. Wata damina, ina budurwa, tana dawowa da itace a kafaɗa aradu ta same ta a kan hanya. Mutane suka kewaye ta daga nesa. Abin da aka gada a wajen, Musulmi da Kirista duka, shi ne wanda aradu ta buga ba a taɓa shi, wai wutar tana nan a jikinsa, sai an nemo nono an yayyafa masa ta mutu tukuna. Ana ta ihun a nemo nono, Kawu ya jefar da fartanya ya ratsa su. Ya durƙusa, ya dinga danna mata ƙirji, yana hura mata numfashi a baki, ana ce masa zai mutu, yana cewa, "Ta wuce ƙasa tun tuni, ku ba ni wuri!" Mama ta yi tari ta buɗe ido. Kunnenta ɗaya ya mutu, sarƙar da ke wuyanta ta bar mata tabon ƙuna, amma ta tashi ta ci gaba da nomanta. Abin da gari ya ɗauka daga wannan rana shi ne malami guda ya sa bakinsa a bakin matar wani. Har masallaci maganar ta kai. Mijin Mama kuwa bai taɓa cewa komai ba sai godiya, kuma tun daga lokacin sabuwar doyarsu ba ta shiga kasuwa sai an fara kawo wa Kawu.

Bayan wannan ya ɗauki abin kamar aikin da aka ba shi. A majalisa, a tasha, a cikin keke mai ƙafa uku, duk inda aka ambaci aradu sai ya ce, "In ta bugi mutum, ku taɓa shi. Ba abin da ya rage a jikinsa. Zuciyarsa ce ta tsaya, hannu take so ba nono ba." Ƙanensa, wato autansu Inna, wanda muke kira Kawu Ƙarami, ya ji wannan magana har ta ishe shi.

Rigimar iyakar gona ina wurin aka yi ta, ni na kai musu abinci. Akwai wani tsohon mangwaro tsakanin kason Kawu da na Kawu Ƙarami, kowa yana cewa mahaifinsu a ɓangarensa ya bar shi. Murya ta yi sama, Kawu Ƙarami ya ce, "In gaskiya kake faɗa, Yaya, rantse da aradu!"

Kawu ya tuntsire da dariyar nan tasa. "Auta, ni Musulmi ne, ba na rantsuwa da abin da ba Allah ba. Kuma ko zan yi, sai in rasa abin rantsuwa sai iska mai zafi? Ita ta raba mana gado? In ta san iyakar, ta zo ta auna."

Ya karkaɗe rigarsa, ya ce ya bar masa mangwaron da kunyoyin doyar da ke gefensa, ba don ya yarda ba, sai don ba ya son 'ya'yan Auta su tashi su tarar da gaba. Iyakar abin da aka yi ke nan. Bai rantse ba, kuma shi ya bari. Amma dariyar ta zauna wa Kawu Ƙarami a wuya, tun daga ranar gaisuwarsu ta koma ta fatar baki.

Ranar da abin ya faru ba na nan. Daga bakin Mama na ji, da ɗaya daga cikin 'yan ƙwadagon da suke aiki a wurin. Bayan azahar ne hadari ya taso da sauri. Kawu ya riga ya shiga bukkar gona. Da ya leƙo sai ya hango Kawu Ƙarami da 'yan ƙwadagonsa sun fake a gindin mangwaron, itace ɗaya tilo a fili, wurin da ya shafe rayuwarsa yana hana mutane tsayawa. Ya fito cikin ruwan, tsoho da ciwon gwiwa, yana kaɗa musu hannu yana kiran su fito. Suka ƙi, sai da ya isa ya kama hannun Auta ya tura shi gaba. Sun yi nisa da itacen, shi yana baya yana ɗingishi, aradu ta sauko a kan mangwaron ta tsallako kansa.

Ya faɗi, suka juyo. Ɗan ƙwadagon ya ce shi ya yunƙura zai je, Kawu Ƙarami ya riƙe masa riga. "Kada wanda ya taɓa shi! A nemo nono!" Aka tura mai babur rugar Fulani. Maza majiya ƙarfi, waɗanda yanzun nan ya fitar daga bakin mutuwa, suka tsaya a da'ira suna salati, ruwa yana dukan fuskarsa. Mama ce ta jiyo ƙarar daga gonarta, ta taho da sandarta, tafiyar tsohuwa a cikin taɓo. Ta ratsa su kamar yadda ya taɓa ratsa wasu dominta, ta danna ƙirjinsa da ɗan ƙarfin da ya rage mata har hannunta ya gaza. Lokaci ya riga ya wuce. Nonon ya iso bayan an rufe masa fuska.

Likitan da ya duba shi a asibiti ya ce ƙunar ba wata babba ba ce, zuciya ce ta tsaya, kuma irin wannan in an danna ƙirji da wuri akan dace. Ban ce da ya rayu ba. Kwana in ya ƙare ya ƙare, na yi imani da wannan. Abin da ke hana ni cin abinci shi ne ba wanda ya gwada sai da lokaci ya wuce.

Liman da ya yi masa wanka ya faɗa a bainar jama'a cewa maganar nono camfi ce, kuma ba a yi wa mamaci mummunan zato. Aka ce, "Gaskiya ne, Malam," aka ci gaba daga inda aka tsaya. Kawu Ƙarami kuwa yana zaune a kan babbar darduma a ƙofar gida, da carbi, yana karɓar gaisuwa a matsayin babban namijin da ya rage. Ban ji shi da kunnena ya ce Yaya ya rantse ba. Amma an faɗa a gabansa, ya sunkuyar da kai ya ce, "Sai dai addu'a." Na san tsoro ne ya sa shi riƙe rigar ɗan ƙwadagon, ba mugunta ba, tsoro kuwa ana yafe shi. Wannan shirun ne na kasa haɗiyewa, domin muddin ana maganar rantsuwa, ba mai tambayar wa ya hana a taɓa shi.

Daga gona an dawo da abu biyu. Hular Kawu, wadda aka tsinto da tsinken itace aka jefa a leda, da ƙwaryar nonon. Wata gwaggo ta ce a ajiye su tare a bayan ƙyauren tsakar gida, sai an tsoma hular a nonon kafin a san yadda za a yi da ita, amma aka rasa mai tsomawa. Na miƙa hannu zan ɗauka, Inna ta ƙwalla ƙara ta riƙe ni. "Don girman Allah ki bari, kina da goyo!" Tana da hawan jini, na bari. Haka suka zauna, nonon ya kumbura ya yi ruwa, ƙudaje suka same shi, warinsa ya cika gidan. Mata suna toshe hanci da mayafi suna cin abinci a gefensa, ba wadda ta ce a zubar.

Ranar addu'ar uku, da hantsi, Mama ta shigo. Ba ta iya dogayen gaisuwarmu ba, ta durƙusa gaban Inna ta ce, "Hajiya, sannu. Allah ya ba da hankuri." Ta zauna ta huta, sai ta ɗaga hanci. "Wane abu ne yana wari haka?"

Wata ta nuna bayan ƙyaure da baki. Mama ta dogara sandarta ta je, ta buɗe ledar, ta ciro hular da hannunta. Mata suka ja da baya, har wata ta kifar da kofi. Ta karkaɗe busasshen taɓon da ke jiki, ta shafa ɗan ramin da wuta ta yi a gefe, ta dawo tsakiyarsu ta ja wuyan rigarta ƙasa.

"Ku duba nan. Ni ma aradu ya buge ni. Wane karya na yi? Itace na dauko, zan dafa wa yara abinci. Tica ya taba ni, bai mutu ba. Ni na taba Tica, ga ni. Tun a hanya ina ji, wai ya rantse, wai ya rantse. Mutum ya fita cikin ruwa domin kaninsa, ku kuna ci shinkafa nasa kuna zagi nasa."

Mai cewa ba ta ce komai ba ta shiga gyaran ɗankwali. Inna ba ta dubi kowa ba, tabon wuyan Mama take kallo. Can ta juyo gare ni, murya ƙasa-ƙasa.

"Ke, me Yaya yake cewa abin nan ne? Na huɗun nan."

"Filasma, Inna. Iska ce da zafi ya fasa ta, lantarki ya bi ta cikinta."

"Ba ta zama a jikin mutum?"

"Ba ta zama. Kafin ki ƙifta ido ta shige ƙasa."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan, Inna."

Sannan ta ce, "To ashe da an taɓa shi..." Ba ta ƙarasa ba. A nan na gane abin da ya sa ta riƙe maganar rantsuwa. In Yaya ya yi laifi, to hukunci ne ya sauka, ba mai iya tare shi. In kuwa abin da ya koyar gaskiya ne, to yayanta ya kwanta a taɓo da sauran dama, autansu kuma yana tsaye a kansa yana jiran mai babur. Na farkon ya fi sauƙin ɗauka, na ji tausayinta har hawaye ya zubo mini.

Ta miƙa hannu, Mama ta ɗora mata hular. Ta juya ta, ta kai ta hanci. Ƙamshin man da yake shafawa yana nan, ni ma na jiyo shi daga inda nake. Ta daɗe a haka. Sai ta miƙe, ta gyara mayafi, ta nufi bayan ƙyaure ta ɗauki ƙwaryar da hannu ɗaya, ƙudaje suka tashi. Gwaggo tana cewa, "Ina za ki, cikin maza?" ko waiwaye ba ta yi ba. Na bi ta har zaure.

Maza sun cika tabarmi, ana shirin fara addu'a. Inna ta ratsa su, ta dire ƙwaryar a kan dardumar Kawu Ƙarami, dab da gwiwarsa, ruwan nonon ya fantsama a kan farar rigarsa.

"Auta, ga nonon da ka aika a nemo. Ya iso."

Carbin ya tsaya a hannunsa.

Ta juyo ta dawo cikin gida, ta zauna a wurinta kusa da Mama, hular tana manne a ƙirjinta. Ta ɗaga hannu ɗaya ta ce, "Allah ya jiƙan Yaya." Na tsaya ina jiran sauran, ba ta ƙara komai ba.